Hayaƙin Injin Niƙa: Mi Yake Gaya Maka?

Ka taɓa tsayawa ka dubi hayaƙin da ke fitowa daga injin niƙan garinku? Da yawanmu muna wucewa kawai, muna toshe hanci. Alhali hayaƙin nan magana ce. Inji ba ya da baki, da hayaƙi yake faɗin ciwonsa. Wanda ya iya karanta shi zai tsirar da kuɗɗinsa, kuma mata ba za su koma ga turmi da taɓarya ba don inji ya kwanta.

Abin da za mu faɗa a nan ya shafi duk injin da ke shan gazuwal: na niƙa, na ban ruwan garka, na wutar lantarki, har da na manyan motoci.

Yadda injin ke aiki

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel shi ya ƙago wannan inji. A shekara ta 1897 ya samu wanda ya yi aiki sosai. Shi ya sa ake ce masa injin dizal.

Injin esansi yana da buji mai ba da tartsatsin wuta. Na gazuwal ba ya da shi. To, ina yake samun wuta? Ga yadda abin yake. Cikin injin akwai silinda, wani rami ne kamar turmi. Cikin ramin akwai fistan mai hawa da sauka. In fistan ya sauka, sai ya jawo iska. In ya hau, sai ya matse iskar ƙwarai, har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 na wurin da ta cika da farko. Matsin nan yana sa ta yi zafi fiye da digiri 500. Nan take pompo ya turo gazuwal, injekter ya fesa shi kamar hazo, sai ya kama da wuta, ƙarfin wutar ya tura fistan ƙasa. Daga nan fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi waje.

Ka ga ke nan abu huɗu inji ke bukata: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, gazuwal daidai awo, da feshi a kan lokaci. In huɗun nan sun cika, hayaƙi ba ya ganuwa sosai. In ɗaya ya ɓaci, sai hayaƙi ya canza launi.

Baƙin hayaƙi

Baƙin hayaƙi na nufin gazuwal ya fi ƙarfin iska, bai ƙone duka ba. Kamar murhu ne da aka cika ma itace, iska ba ta shiga.

Fara da duba matatar iska. A ɗakin niƙa gari na tashi kullum, ga kuma ƙurar hunturu. Su ke toshe matata. Sai ka duba kaya: in ka matse duwatsun niƙa da yawa, ko kana zuba hatsi fiye da kima, inji zai yi nishi ya yi baƙi. Rage masa ka gani. In duk wannan bai yi magani ba, mai yiwuwa injekter ya ci, yana ɗiga maimakon feshi.

Farin hayaƙi

Shi iri biyu ne, hancinka da idonka za su raba maka su.

Na farko yana warin gazuwal, yana yaji a ido. Gazuwal ne da ya fito bai kama wuta ba. In da safe ne lokacin ɗari, watan Disamba ko Janairu, kuma ya ɗauke bayan ƴan mintoci, ba komi, injin ne bai ɗumama ba. Amma in ya yi zafi hayaƙin bai daina ba, to ko matsi ya ragu, ko injekter ya lalace, ko feshi yana makara.

Na biyu tururi ne, ba ya yaji, yana watsewa da sauri. Ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Ko yana cikin gazuwal ɗin da ka saya, ko abin da ke liƙe kan inji da jikinsa ya ƙone. Zuba gazuwal kaɗan cikin kwalba, ka aje shi. In da ruwa, zai kwanta ƙasa. Duba ruwan sanyaya inji kuma: in yana raguwa ba ka ga inda yake yoyo ba, ko man inji ya koma kamar madara, tsayar da aiki ka kira makaniki.

Shuɗin hayaƙi

Wannan man inji ne ke ƙonewa. Jawo sandar awon mai ka duba. Wasu na cewa mai ba ya yawa. Ba haka ba ne, in ya wuce alama ta sama shi ma ciwo ne. In matatar iskarka mai kaskon mai ce, kar ka cika ta fiye da zanen da aka yi mata. In awo daidai yake amma kullum sai ka ƙara mai, to zobban fistan sun ci, inji na son gyara babba.

Lokacin feshi

Yanzu mun zo ga abin da ya fi wuya. Gazuwal ba ya kamawa nan da nan, sai ya ɗan jima. Don haka ake fesa shi kafin fistan ya kai ƙololuwa, da ɗan kaɗan. Kamar shuka ne: wanda ya riga ruwa ya yi asarar iri, wanda ya makara bai samu amfani ba.

In feshi ya yi gaggawa, inji zai riƙa ƙwanƙwasa kamar ana bugun ƙarfe da guduma, kuma wajen tayarwa yana iya mayar maka da hannu baya. In ya makara, ƙarfi zai ragu, hayaƙi ya yi fari ko toka-toka, bututun hayaƙi ya yi zafi fiye da yadda ka saba, gazuwal ya riƙa ƙarewa da wuri.

Ana auna lokacin nan da digiri. Zagaye ɗaya na babbar ƙafar ƙarfen inji digiri 360 ne. Injin Lista mai silinda ɗaya, wanda aka fara yi a Ingila, Indiya kuma ke yin irinsa, ana fesa masa wajen digiri 20 kafin ƙololuwa. Kowane inji da nasa awo, yana cikin littafinsa, kuma akwai alama a jikin ƙafar ƙarfen.

Ga yadda makaniki ke dubawa, inji na kashe:

1. Ya wanke pompo da kewayensa, don ƙwayar rairayi ɗaya na iya ɓata shi.
2. Ya kwance bututun da ke zuwa injekter, ya fidda ɗan marfin da ke cikin bakin pompo, ya ɗaura wani gajeren bututu mai lanƙwasa.
3. Ya buɗe gazuwal, ya riƙa juya ƙafar ƙarfen da hannu sannu sannu, ta inda inji ke juyawa, lokacin da fistan ke matse iska.
4. Gazuwal zai yi ta ɗiga. Daidai inda ɗigon ya tsaya, nan ne farkon feshi.
5. Ya dubi alama. In ɗigo ya tsaya alama ba ta iso ba, feshi na gaggawa. In sai da ta wuce, ya makara.

Gyaran ya danganta ga irin injin. Na Lista akwai kusa mai murɗi ƙarƙashin pompo: a ɗaga ta, feshi ya zo da wuri, a sauke ta, ya jinkirta. Ƙananan injunan Sin da yawa siraran faifan ƙarfe ake sa ma pompo: a ƙara, ya jinkirta, a rage, ya zo da wuri. A manyan motoci da yawa kuwa, sassauta pompon ake a ɗan karkata shi. Kaɗan kaɗan ake yi, ana sake aunawa.

Kar ka fara da pompo

Na san wani mai niƙa da injinsa ya yi baƙin hayaƙi. Wani abokinsa ya ce ai pompo ne, suka murɗe shi da ka, ba awo. Inji ya ƙi tashi. Kwana da kwanaki mata na kai hatsi wani gari bisa jaki. Da makaniki ya zo, ya mayar da pompo wurinsa, ya buɗe matatar iska, sai ga ta cike da gari kamar an dama. Abin da wankin rabin awa zai gyara, ya ci kuɗɗin niƙan mako guda.

Lokacin feshi ba ya yawan ɓaci da kansa, sai in an kwance pompo ko inji ya tsufa. Don haka bi tsani daga ƙasa: kaya, matatar iska, man inji, gazuwal da matatarsa, injekter, matsi. Pompo shi ne na ƙarshe.

Kiyaye lafiyarka

Kar ka kai hannu gaban injekter yana feshi. Ƙarfinsa na huda fata, gazuwal ya shiga nama. In haka ta faru, a tafi likita nan take, ko da ramin ɗan ƙarami ne.

Fidda bututun hayaƙi waje, ka bar taga buɗe. Hayaƙin inji cikin rufaffen ɗaki yana kisa. A shekara ta 2012 kuma, masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar hayaƙin gazuwal na jawo ciwon daji na huhu.

Tunda Allah ya sa yanzu ka iya rubutu, sayi ɗan littafi ka aje kusa da inji. Rubuta ranar da ka canza mai, ranar da ka wanke matata, litar gazuwal nawa ka sha a mako, da launin hayaƙin da ka gani. Ran da makaniki ya zo, miƙa masa littafin.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu injin gazuwal ke bukata?
2. Ta yaya za ka bambanta farin hayaƙin gazuwal da tururin ruwa?
3. Don mi ba a fara gyara da pompo?
4. Je ka dubi injin garinku, ka rubuta launin hayaƙinsa da safe da kuma da rana.