Suna Ɗan Aikatau Bayan Aikatau a Ingilishi da Matsalarsa ga Ɗalibi Bahaushe

A nahawun Ingilishi akwai wasu aikatau waɗanda idan wani aikatau ya biyo bayansu, tilas ne na biyun ya ɗauki ɗafa-ƙeyar *-ing*, watau ya koma sigar da Turawa ke kira *gerund*, wadda ta yi daidai da abin da masana nahawun Hausa ke kira suna ɗan aikatau. Daga cikinsu akwai *enjoy, finish, avoid, deny* da *postpone*. Bature zai ce *she finished cooking*, amma kunnensa ba zai karɓi *she finished to cook* ba. Akwai kuma wani rukunin, irin su *want, hope, decide* da *refuse*, waɗanda ke bukatar *to* kafin aikatau na biyu. Abin da aka saba yi a aji shi ne a jera rukunonin biyu a kan allo, a ce wa yara su haddace. Haddar kuwa ba ta cika kai su ɗakin jarrabawa ba.

Asalin wannan ɗafi yana da haske ga mai nazari. A Tsohon Ingilishi, *-ing* da *-ung* sunaye tsantsa suke samarwa daga aikatau. Sannu a hankali ne waɗannan sunaye suka riƙa ɗaukar halayen aikatau, har suka iya jan karɓau kai tsaye. Shi ya sa a yau ake samun *the building of the house*, mai halin suna, a gefen *building the house*, mai halin aikatau.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Aikatau irin su fara, gama, daina, dinga, riƙa, taɓa da sake duk suna ɗan aikatau suke ja: ta gama dafawa, ya daina sha, sun fara karatu. Har ma rabuwar nan ta gida biyu tana nan a Hausa. A cikin "ya daina shan taba" akwai madanganci *-n* tsakanin sunan da karɓau, kamar yadda *of* ke shiga a Ingilishi. A cikin "ta gama dafa abinci" kuwa ɗafin *-wa* ya faɗi, karɓau ya biyo kai tsaye. Paul Newman, a babban nahawunsa na shekarar 2000, ya ware irin wannan siga ta biyu a matsayin wani gini na daban, amma ga mai koyarwa abin lura shi ne ɗalibi ya zo aji da rabin darasin a bakinsa.

Sai dai kuma a nan ne tarkon yake, domin harsunan biyu ba wuri ɗaya suka ja iyaka ba. Bahaushe yana cewa "ya ƙi zuwa", "ya kasa gamawa", "ya koyi tuƙi", duk da suna ɗan aikatau, alhali Ingilishi a nan *to* yake so: *he refused to come, he failed to finish, he learnt to drive*. Ɗalibin da ya rubuta *he refused coming* ba shirme ya yi ba; ƙa'idar harshensa ya bi sau da ƙafa, ya kai ta inda ba ta da iko.

A shekarar 1968 Dwight Bolinger ya kawo wani bayani mai amfani: sigar *to* takan nuna abin da ake hasashe ko ake fuskanta, ita kuwa *-ing* takan nuna aikin da aka ɗauka tamkar tabbatacce. Mutum yana fatan abin da bai zo ba, don haka *hope to go*. Yana jin daɗin abin da yake ciki, ko ya gama abin da ya riga ya soma, don haka *enjoy reading* da *finish writing*. Bayanin bai game ko'ina ba. Abin da aka kauce wa bai auku ba, amma *avoid* na jan *-ing*. Abin da aka samu nasarar yi ya auku, amma *manage* na jan *to*. Duk da haka ya fi hadda tsagwaronta, domin yana rage yawan kalmomin da za a riƙe da ka.

Inda ya fi yin tasiri shi ne wajen aikatau masu karɓar sigogin biyu tare da sauyin ma'ana. A dubi waɗannan misalai:

1. He stopped smoking. Ya daina shan taba.
2. He stopped to smoke. Ya tsaya don ya sha taba.
3. Try adding salt. Gwada ƙara gishiri ka gani.
4. Try to lift it. Yi ƙoƙari ka ɗaga shi.

Abin sha'awa a nan shi ne, inda Ingilishi ya bar aikatau ɗaya ya sauya abin da ke biye da shi, Hausa aikatau ɗin kansa ta sauya: daina da tsaya, gwada da yin ƙoƙari. A misali na 2 ma *to* ba cikon *stop* ba ne, dalilin tsayawar yake bayyanawa, kuma "don" ta Hausa ta fito da hakan fili. Haka abin yake ga *remember*. A cikin *I remember locking the door*, kullewa ta riga tunawa: an kulle ƙofa, yanzu ana tune da hakan. A cikin *I remembered to lock the door*, tunawa ce ta riga: an tuna, sannan aka kulle. Malamin da ya hana fassara a ajinsa, da sunan kada Hausa ta gurɓata Ingilishin yara, ya jefar da mabuɗin da ke hannunsa, domin jimla ɗaya ta Hausa kan warware abin da zai ɗauki rabin darasi ana kewaye-kewaye. Su kuwa *begin, start* da *continue* suna karɓar sigogin biyu ba tare da wani bambanci mai nauyi ba, kuma bai kamata a ɓata lokaci a kansu ba.

Akwai sauran wuri guda da ke kayar da manya ma, musamman a ƙarshen wasiƙun neman aiki, inda akan ga *I look forward to hear from you*. Mai rubutun ya ɗauka *to* ɗin nan irin na *want to* ne. Ba shi ba ne. Ɗan'uwan *in, on* da *of* ne, waɗanda suna kawai ke bin su, don haka daidai shi ne *to hearing*. Gwajin mai sauƙi ne: a sa suna tsantsa bayan *to* a gani. Ana cewa *I look forward to the holiday*, saboda haka *-ing* ake bukata. Ba a cewa *I hope to the holiday*, saboda haka tsurar aikatau za ta biyo. Da wannan gwaji ake raba *he used to walk*, watau a da yakan tafi a ƙasa, da *he is used to walking*, watau ya saba da tafiya a ƙasa, inda "da" ta Hausa ke tsaye daidai gurbin da *to* ya tsaya.