Asirin da Anne Lister ta ɓoye a cikin haruffa

Anne Lister ta rasu a 1840 tana kan tafiya a ƙasar Jojiya. Ta bar gidan gadonsu, Shibden Hall, da gonaki da ramukan haƙar kwal a Halifax, arewacin Ingila. Ta kuma bar littattafai 26 da take rubuta al'amuranta na yau da kullum a ciki, kalmomi sama da miliyan 4. Yawanci Turanci ne da kowa zai karanta: yanayin gari, kuɗin haya, wa ya zo, wa ya tafi. Amma kana cikin karatu sai rubutun ya rikiɗe ya koma haruffan Girka da lambobi da alamomin lissafi, a cunkushe, babu tazara tsakanin kalma da kalma. Kusan kashi ɗaya bisa shida haka yake. Matar da ke rubuta har ƙarfe nawa ta tashi daga barci, me take ɓoyewa?

Shekara hamsin babu mai amsa. Sai a shekarun 1890 John Lister, ɗan danginta na ƙarshe da ya zauna a gidan, ya gayyato abokinsa Arthur Burrell, malamin makaranta, suka duƙufa. Da farko suka yi hasashen alamomi biyu, h da e. Daga nan suka cije. Ana cikin haka aka tsinci wata 'yar takarda a cikin tarkacen gidan, an rubuta gajeriyar jimla ta dogaro ga Ubangiji da Turanci, kalmar ƙarshe kaɗai ce aka sa da alamomi huɗu. Ta farko h, ta ƙarshe e. Jimlar da kanta ta nuna kalmar "fata" ce a Turanci, wato hope, sai ga o da p sun faɗo hannu. Da haruffa huɗun nan suka warware sauran, kamar mai jan zare a bakin saƙa.

Abin da suka gani ya tayar musu da hankali. Anne ta rubuta soyayyarta da mata, ɗaya bayan ɗaya, da suna da rana, har zuwa Ann Walker, wadda suka je cocin Holy Trinity a birnin York tare ranar Ista ta 1834, suka ɗauki hakan a matsayin ɗaurin aurensu. Burrell ya ce a ƙone. A tuna zamanin ne aka ɗaure marubuci Oscar Wilde kan hulɗa da maza, a 1895. John ya ƙi ƙonewa, ya kuma ƙi faɗa wa kowa. Ya cusa littattafan bayan katakon bango ya yi gum.

Bayan rasuwarsa a 1933 gidan ya koma hannun hukumar gari, aka ciro littattafan, Burrell ya miƙa mabuɗin rubutun sirrin. Duk da haka waɗanda suka karanta sun ci gaba da kawar da kai. Sai wata marubuciya, Helena Whitbread, ta duƙufa kan warware littattafan a 1982, ta buga wani sashe a 1988. Bayanin ya fito fili har wasu suka zaci ƙirƙira ce.

Saura tambaya ɗaya: ina rubutun sirrin ya samo asali? Sawun ya kai ga makarantar kwana ta Manor a York, wajen 1805, inda Anne tana budurwa ta zauna ɗaki ɗaya da Eliza Raine, haifaffiyar Madras, uba Bature likita, uwa Ba'indiya. Wasiƙunsu ne suka fara ɗaukar alamomin. Eliza ta ƙare rayuwarta a hannun masu kula da taɓin hankali, kuma a ganina tarihi ya fi zaluntarta.

Labarinsu Emma Donoghue ta mayar littafin ƙagaggen labarin soyayya, Learned by Heart, a 2023. Mai cewa marubutan irin waɗannan littattafai ɗabi'ar yau suke liƙa wa mutanen da, ga shaidar da zai fara dubawa: littattafan Anne suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Halifax, kuma UNESCO ta sa su a rajistarta ta Birtaniya tun 2011.