Rabuwar Hankali da Ciwon Mantuwa a Ƙasar Batsari da Safana

Wani nau'i na ciwon mantuwa, wanda likitoci ke kira amnesiya, yanayi ne da mutum ke kasa adana sabon abu a ƙwaƙwalwarsa, alhali yana gane iyalinsa, yana kuma kawo labarin ƙuruciyarsa ba gargada. Yawanci yana biyo bayan lahani ga hifokamfas, wato wani ɗan sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa daidai saitin kunnuwa, wanda ke mayar da abin da aka ji yau ya zama abin tunawa gobe. Abubuwan da ke iya lahanta shi kuwa ba baƙi ba ne a Batsari da Safana: buguwar kai a haɗarin babur, sanƙarau, farfaɗiya mai daɗewa, da dukan da wasu ke sha a hannun 'yan bindigar dajin Rugu.

Mafi shahara cikin masu wannan larura shi ne Henry Molaison na Amurka, wanda aka cire masa mafi yawan hifokamfas a shekarar 1953 don maganin farfaɗiya. Masaniya Brenda Milner ta lura cewa ya iya riƙe lamba 584 har tsawon minti 15 muddin yana jujjuya ta a ransa, amma da aka ɗauke masa hankali sai lambar ta ɓace, har ma ya manta an ba shi ita. Mai lafiya ma yana yin asara idan hankalinsa ya rabu biyu, domin binciken Fergus Craik da abokan aikinsa a 1996 ya nuna cewa illar ta fi tsanani lokacin karɓar bayani fiye da lokacin tuno shi; sai dai mai lafiyar yana da rumbun da ya riga ya zuba wani abu a ciki, majinyacin kuwa abin da ke hannunsa kaɗai gare shi.

Abin da ya fi ƙarfafa zuciya shi ne binciken Nelson Cowan da abokansa na 2004, inda wasu majinyata suka fi tuna abin da aka karanta musu idan an bar su minti 10 a ɗaki mai duhu, ba hayaniya.

Wannan ya shafi yankin kai tsaye, domin iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sukan cunkushe a gida ɗaya, rediyo na tashi, yara na kuka, 'yan dubiya na sallama, kuma a cikin haka ake gaya wa majinyaci ƙa'idar shan magani, in ya manta a ce taurin kai ne ko shafar aljanu. Wannan hukunci zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Abin da ya dace da mai jinya shi ne ya kashe rediyo, ya faɗi magana ɗaya tak, ya bar majinyacin ya ɗan huta kafin a kawo wata, sannan a rubuta ƙa'idar da boko ko ajami a jikin kwalin maganin, a kuma kai majinyacin asibiti a Katsina don a binciki musabbabin ciwon.