Ƙamus, Tekun Kalmomi

Duk almajirin da ya taɓa zama a zaure gaban malami, ya ga an buɗe Ƙamus don warware wata lugga da ta shige duhu, ya san darajar wannan littafi, amma ba kowa ya san cewa asalin ma'anar kalmar ita ce teku ba, domin kuwa Fairuzabadi, wanda ya rasu a shekara ta 817 bayan Hijira, shi ya raɗa wa littafinsa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewayewa, har shahararsa ta sa sunan ya bi kowane littafin lugga.

Tun kafin zamaninsa, a ƙarni na 2 na Hijira, Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara Kitabul Aini bisa mafitar haruffa, ya fara daga maƙogwaro ya ƙare a leɓɓa. Malaman lugga na wancan zamani kuwa sukan bar birni su shiga ƙauyuka, su zauna da makiyaya suna sauraro, saboda a wurinsu kalma ba ta samun shiga sai da hujja daga bakin masu harshe ko daga waƙoƙin magabata.

Wannan hanya ce Bargery ya bi a ƙasar Hausa, inda ya shafe shekaru fiye da goma yana tattara kalmomi daga bakin jama'a tare da taimakon malamai, har ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi kusan 39,000, yana nuna wadda ta fi yawa a bakin Katsinawa da wadda Sakkwatawa ke faɗi. Aikin ba ƙarami ba ne, domin mai tsara ƙamus sai ya tantance karin sauti da tsawon wasali, in ba haka ba yaya za a bambanta kukan yaro da kukar miya, ko garin Kano da garin tuwo, alhali rubutunsu ɗaya ne? Sa'an nan ya kawo jam'i, ya bayyana jinsi, ya sa kalmar cikin jimla yadda mai koyo zai ga wurin zamanta.

A 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa wanda ya bayyana Hausa da Hausa, kuma wannan, a ganina, ita ce ranar da harshen ya tsaya da ƙafafunsa. Amma abin da ke damuna shi ne kalmomin da ke bakin marina da maƙera da dukawa da masaƙa, waɗanda suke tafiya kabari tare da tsofaffin da suka san su, domin yaron da ya tashi bai taɓa ganin zuga-zugi ko ƙoshiyar saƙa ba, ina zai ji sunan sassansu?

Don haka ina roƙon duk mai karatu da ke da kaka ko tsohon mai sana'a a unguwarsu, ya ɗauki alƙalami da takarda ya je ya zauna gabansa, ya rubuta kalmar da ma'anarta da garin da ya ji ta, tun mai faɗa yana raye.