Taro ta Wayar Tarho: Yadda Kimiyya Ke Rage wa 'Yan Kasuwa Ɗawainiya

Masu iya magana kan ce zuwa da kai ya fi aike. Gaskiya ne, amma zuwa da kai yana da tsada. Ɗauki misalin kamfanin da ke da hedkwata a Kano, da rassa a Legas da Maiduguri. Duk ranar da za a yi taron manajoji, sai kowa ya baro aikinsa, a biya masa kuɗin mota ko jirgi, da na masauki, da na abinci. Tsakanin Kano da Legas kaɗai akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Sau da yawa kuma taron da aka yi wa wannan hidima bai wuce na sa'a biyu ba. A nan ne taro ta wayar tarho yake da rana, wato a haɗa mutum uku ko fiye a kan layi guda, kowa yana zaune a ofishinsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ranar 25 ga Janairu, 1915, aka yi bikin buɗe layin tarho da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma. Alexander Graham Bell ya yi magana daga New York, tsohon mataimakinsa Thomas Watson ya amsa daga San Francisco, Shugaba Woodrow Wilson kuma ya shigo daga Washington.

To, yaya abin yake aiki? Duk masu kira suna haɗuwa ne a wata na'ura da injiniyoyi ke kira gada. Gadar tana karɓar muryoyin, ta gauraya su, sannan ta aika wa kowa muryoyin sauran jama'a ban da tasa. Da za a mayar wa mutum muryarsa, sai ya riƙa jin amsa-kuwwa, magana ta gagara. Akwai kuma batun jinkiri. Masana sun ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 15 cikin 100 na daƙiƙa kafin ta isa kunnen mai sauraro, domin idan ta daɗe ƙwarai mutane kan riƙa katse juna ba da niyya ba.

Sirrin arahar shi ne murya ba ta da nauyi. A tsarin tarho na lambobi, na'ura tana auna murya sau 8,000 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma ana rubuta shi da bit 8. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: bit 64,000 a daƙiƙa, wato kimanin megabait 29 a sa'a guda. Manhajojin intanet kan matse murya ta yi ƙasa da haka nesa. Hoton bidiyo kuwa yana cin ninkin wannan sau da dama, shi ya sa inda layi ba shi da ƙarfi, murya kan wuce ko da hoto ya tsaya.

Duniya ta ga amfanin wannan hanya a lokutan matsi. A watan Afrilu na 2010 tokar wani dutse mai aman wuta a Iceland ta hana jiragen sama tashi a yawancin Turai na kusan mako guda. A 2020 kuma annobar korona ta rufe ofisoshi, harkoki da dama suka koma kan waya. A Nijeriya, zuwan wayar salula a 2001 ne ya kusanto da wannan dama ga ƙaramin ɗan kasuwa.

Sai dai fa na'ura ba ta gyara taron da ba shi da tsari. Tun da ba a ganin fuska, dole ne a raba ajanda tun da wuri, a naɗa shugaban taro, kowa ya faɗi sunansa kafin ya yi magana, wanda ba ya magana kuma ya kashe makirufo. Bayan an tashi, a rubuta abin da aka zartar a aika wa kowa. In ba haka ba, kuɗin da aka tsimi a hanya sai ya zube a ɓata lokaci.

Har yanzu akwai al'amuran da sai an haɗu ido da ido, kamar ƙulla sabuwar hulɗa ko sasanta rikici. Hikimar ɗan kasuwa ita ce ya san ranar da zuwa da kai ya wajaba, da ranar da murya kaɗai ta wadatar.