Tsatsa a jikin tsohuwar Fijo: yadda ake gyaran bodi a Fatakwal, Anacha da Inugu

Tsatsa tana kama ƙarfe ne idan ya haɗu da ruwa da iska. Bawon da take yi marmashi ne, yana tsotse laima ya riƙe, ga shi yana kumbura fiye da ƙarfen da ya fito daga cikinsa. Shi ya sa fenti ke yin ƙuraje kafin rami ya bayyana. Idan gishiri ya shiga ruwan, cin yana ƙara sauri. Kwanon da ake yin bodin ƙaramar mota da shi bai cika wuce kaurin milimita 1 ba, don haka tsatsa ba ta da doguwar tafiya kafin ta ɓulla ɗaya gefen.

Wannan ne ya sa mota ɗaya ke tsufa iri biyu a Najeriya. A Kano ruwan shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, sannan hunturu ya zo ya busar da komai; can rana ce ke ƙona fenti, ƙarfen kuwa yana nan garau. A Fatakwal ruwan shekara yana haura milimita 2,000, laima ba ta barin iska, kuma garin na kusa da ruwan gishiri. Anacha tana bakin kogin Kwara, inda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka shanye unguwannin da ke gangare. Inugu tana kan tudu, amma jar ƙasarta kan manne a ƙarƙashin mota ta zauna da damshi. Bahaushen da ya gangaro da motarsa daga Arewa ya zauna a waɗannan garuruwa, bayan 'yan damina zai ga abin da bai saba gani ba a ƙasan ƙofa.

Motar da aka fi sha'awar rayawa ita ce Fijo. An fito da 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, sannan kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Wani yana riƙe da ita don ta mahaifinsa ce, wani kuma a-kori-kurar ce har yau take kai masa albasa da tumatir kasuwa. Motocin wancan zamani ba a yi wa kwanonsu wankan zinki irin na motocin yanzu ba. Fenti ne kaɗai garkuwarsu. Waɗanda aka shigo da su ta Kwatano kuma sukan zo da tsohon ciwo, domin a Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Wuraren da tsatsa take fara ci sanannu ne: daɓen ƙarƙashin kafet, inda ruwan da ya yoyo ta robar gilas ke kwanciya, ƙasan ƙofofi, bakin madigadi, mazaunin batir, inda asid ke ɗiga, da dogon bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci, domin salun ɗin 504 ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da nauyinta. Motar da ta yi jigilar dabbobi, kamar waɗanda suka riƙa kai kaya Garki a Inugu ko tsohuwar mayankar Trans-Amadi a Fatakwal, tana da ƙarin masifa: fitsari da kashin dabba suna cin daɓe fiye da ruwan sama.

Aikin kirki yana farawa da bincike. Ana cire kujeru da kafet da robobi, a wanke taɓon ƙasa, sannan fanel bita ya bi jikin da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Ya soka sukundireba a inda yake zargi. Idan ta nutse, magana ta ƙare. Maganaɗisu ma shaida ne: inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ya cusa fila ya lulluɓe da fenti. Kusan kullum ɓarnar ta fi abin da ido ya gani, domin tsatsar bodi daga ciki take fitowa. A nan ne mai mota da mai gyara suka fi samun saɓani, tunda kuɗin da aka yanka da safe kafin a kankare fenti ba shi ne na yamma ba.

Tsatsar da ke sama-sama ana goge ta da giranda da burushin waya har ƙarfe ya yi fari, a shafa maganin da ke ɗauke da asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ragowarta baƙin bawo mai tauri. Amma inda ƙarfe ya huda ko ya yi laushi, babu magani sai yanka. Ana shata layi a bayan inda ɓarnar ta tsaya, a yanke har a kai ga ƙarfe mai cikakken kauri, domin walda ba ta kama tsatsa. Idan wurin mai ɗaukar nauyi ne, sai an fara tokare bakin ƙofa da ƙarfe, in ba haka ba motar ta lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa.

Abin cike gurbin iri biyu ne. Ko dai a yanko ɓangaren daga jikin wata matacciyar mota, ko a ƙera shi. Yankin garuruwan nan uku yana da kasuwannin da suka shahara da wannan: Mgbuka Obosi da Nkpor a gefen Anacha, Ikoku a Diobu ta Fatakwal, da Coal Camp a Inugu, inda masu ƙira da walda suka daɗe da kafuwa. Sai dai ƙofar da ta shekara a fili tana shan ruwan Kudu wataƙila ba ta fi wadda aka cire ba, shi ya sa mai hankali ke aikawa Kano ko Kaduna a nemo masa busasshiya. Idan ƙerawa za a yi, ana ɗora kwali a kan ramin a zana, a mayar da zanen kan sabon kwano mai kauri ɗaya da na motar, a yanka da almakashin ƙarfe, a lanƙwasa shi da guduma a kan maƙera ko kututture. Kwanon rufi da gwangwanin firij ba su dace ba, ko da yake ana ganinsu.

Walda ce ke raba gwani da ɗan koyo. Yawancin garejoji suna amfani da wutar kabaid da iskar oksijin, wadda ba ta jiran wutar lantarki amma tana dumama fili mai faɗi, siririn kwano kuwa da ya sha zafi sai ya karkace. Saboda haka gwani ba ya jan layi ɗaya. Yana ɗiga walda a nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya jira ta huce, ya tara ƙarfe a baya ya bubbuga, ya sake dawowa, har ɗigon su haɗe. Haɗa baki da baki ya fi ɗora faci a kan tsohon ƙarfe, domin tsakanin kwano biyu ruwa na samun maɓoya. Injin MIG ya fi sauƙin zafi, amma yana son wuta tsayayya da tukunyar gas. Kafin a kunna kowace wuta ana cire batir, a sauke tankin mai idan aikin na kusa da shi; tankin da ya yi kamar babu komai a ciki shi ya fi fashewa.

Fila amfaninta shafe ƙananan lotsawa ne bayan an goge walda, kuma bai kamata kaurinta ya wuce milimita 3 ba. Aikin sha-yanzu-magani-yanzu shi ne a toshe rami da ita, wani lokaci har da raga ko kwali a baya. Ranar karɓar mota sai ƙyalli, amma fila na shan ruwa ta baya, damina ɗaya ko biyu ƙurajen sun dawo, ramin ya fi na da.

Ƙarfen da aka goge a Fatakwal yana iya yin ja kafin gari ya waye, don haka firaima a ranar ake fesa ta, kuma ta ifoksi ta fi hana ruwa shiga. Ana bin layin walda da manna mai toshe kafa, sannan samfefa, sannan fenti, a ranar da babu hadari. Bayan facin, wanda ido ba ya gani, shi ma yana son fenti, domin wuta ta ƙone kariyar da ke wurin. Cikin ƙofofi da bututun ƙasa ana fesa musu kakin hana tsatsa. Wasu na zuba baƙin mai, wanda ke taimakawa na ɗan lokaci amma yana lalata roba, yana kuma tara ƙura. Daga ƙarshe a sa sabuwar robar gilas, a buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa, waɗanda masana'anta ta huda don ruwa ya tsiyaye, masu fenti kuma suka saba toshe su.