Gilashin Kyamara: Tsakanin Ƙarko da Araha

AZARE — Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yunin 2023, har dala ta tashi daga kusan Naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, sayen sabon gilashin kyamara ya zama babban jari ga mai ɗaukar hoto a garuruwa irin su Disina da Azare. Tambayar ita ce: tsohon gilashi na ƙarfe, ko sabo na roba?

Tarihin kamfanin Canon na ƙasar Japan ya nuna inda bambancin yake. Gilashinsa mai milimita 50 da ya fitar a 1987 yana da gindin ƙarfe, nauyinsa giram 190. A 1990 ya maye gurbinsa da mai gindin roba, giram 130, domin rage kuɗin ƙira. Hoton bai ragu da kyau ba. Ƙarfin jikin ne ya ragu. A 2015 kamfanin ya koma ga gindin ƙarfe.

Tsofaffin gilasai kuwa, kamar Helios-44 da Tarayyar Sobiyat ta soma ƙerawa a 1958, ƙarfe ne da gilashi zalla. Ba su da injin lantarki da zai ƙone. In ƙurar hunturu ta shige su, ko man da ke cikinsu ya daskare, mai gyara yana iya kwance su ya wanke. Sabon gilashi in injinsa ya mutu, sau da yawa kuɗin gyara kan kusanci kuɗin wani sabon.

Sai dai tsohon yana da nasa cikas. Da hannu ake daidaita shi, yana kuma bukatar zoben haɗi kafin ya hau kyamarar zamani. A hawan sallar Sarkin Katagum, inda dawaki ke sukuwa, wannan jinkiri asarar hoto ce, asarar hoto kuwa asarar ciniki ce.

Saboda haka aiki ne zai yanke hukunci. Mai shagon hoton fasfo, wanda abokin cinikinsa ke zaune wuri ɗaya, tsohon gilashi ya ishe shi shekaru. Mai bin bukukuwa da hawa, sabo ya fi masa riba. Wanda zai sayi na hannu ya haska shi da tocila, ya duba hazo ko funfuna, domin araha ba ta ado.